Fadamar Niƙa: yadda sunan wani ƙauyen Baskawa ya zama sunan ƙasa

Da za a bi sunan ƙasar Bolibiya har gindinsa a juya shi zuwa Hausa, abin da za a samu ba zai wuce "Fadamar Niƙa" ba. Asalinsa ba sunan sarki ba ne, ba kuma na waliyyi ba. Sunan wani ƙaramin ƙauye ne da ke kwance a gindin dutsen Oiz, cikin lardin Bizkaia a arewacin Sifaniya, wanda mazaunansa duka-duka ba su kai 500 ba. Sunan ƙauyen Bolibar. Daga can ne wani saurayi ya ɗauki sunan ya tsallaka teku da shi a ƙarni na 16, zuriyarsa suka riƙe shi kusan shekara 200 a Karakas, babban birnin Benezuwela, har aka haifi Simón Bolívar, mutumin da ya karya mulkin Sifaniya a arewacin Kudancin Amurka.

Kalma biyu aka haɗa. Ibar a Baskanci, harshen Baskawa mutanen yankin, ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai dausayi a bakin kogi, abin da Bahaushe zai kira fadama kai tsaye. Bolu kuwa maniƙa ce, irin wadda ruwan rafi ke juya mata dutse, shi ya sa tsohon tambarin gidan yake ɗauke da hoton dutsen niƙa. Ibar tsohuwar kalmar Baskawa ce ta gado, amma bolu aro ce daga kalmar Latin molinum, sai "m" ta koma "b" a bakinsu. A riƙe wannan, domin za a zo inda masu sunan za su yi ta tunƙaho da cewa ba su gauraya da kowa ba, alhali sunan ma gauraye ne.

Harafin "v" kuma daga baya ya shigo. Basifaniye ba ya bambanta "b" da "v" a furuci, magatakardan da kuwa wanda ya zo musu a alƙalami shi suke rubutawa. A ƙasar Bask ana rubuta Bolíbar, a ƙetaren teku Bolívar ya zauna. Don haka Bahaushen da ke cewa Bolibiya saboda bakinsa ba shi da "v" ya fi mai jin Ingilishi kusa da asali, ko da bai sani ba.

Su wane ne Baskawa? Al'umma ce da ke zaune inda duwatsun da suka raba Sifaniya da Faransa suka gangaro bakin tekun Atlantika. Larduna 7 suke ƙirgawa a matsayin ƙasarsu, 4 a ɓangaren Sifaniya, 3 a ɓangaren Faransa. Harshensu, Euskara, maraya ne: masana sun gwada shi da harsuna iri-iri ba su samo masa ɗan'uwa mai rai ba. Yana nan tun kafin Rumawa su kawo Latin, kuma shi kaɗai ya tsira a Sifaniya daga cikin harsunan da suka riga su. Masu jin sa a yau ba su kai miliyan 1 ba, amma sunayen da suka fito daga cikinsa sun cika Meziko da Ajantina da Chile da Kolombiya. Wannan rashin daidaito shi ne abin da ke buƙatar bayani.

Bayanin yana farawa daga gida. Mutumin Kastil, tsakiyar Sifaniya, da sunan ubansa aka fi sanin sa: Fernández ɗan Fernando, Martínez ɗan Martín, Rodríguez ɗan Rodrigo. Wannan "ez" ta ƙarshe aikin "ɗan" take yi a ɗan Fodiyo, ko "ibn" a Larabci. Baskawa kuwa gidan gona suke sa wa suna, sannan mutanen da ke cikinsa su ci sunan gidan. Sunan kuma kusan kullum kwatance ne, kamar wanda za ka yi wa baƙo. Etxeberria, wanda Sifaniyawa ke rubutawa Echeverría, ma'anarsa sabon gida. Goikoetxea gidan sama. Zubizarreta wurin tsohuwar gada. Iturbide hanyar maɓuɓɓuga. Mendoza dutse mai sanyi. Ibarra fadama kawai. Arteta, sunan da duk mai shiga gidan kallon ƙwallo ya sani, wuri ne da wata bishiya mai suna arte ta yi yawa.

Wannan ba zai yi wa Bahaushe baƙunci ba. Muna da Sabon Gida da Bakin Ruwa da Tudun Wada, kuma mun saba da manyan da sunan garinsu ya zama nasu: Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano. Abubakar Rimi ma hanyar Arteta sunansa ya bi, daga bishiya zuwa gari, daga gari zuwa mutum. Inda aka rabu shi ne, mu sunan gari muke ɗauka, wanda dubban mutane suka yi tarayya a cikinsa. Su kuwa galibi sunan gida guda ne tak, mai bango da rufi da gona da wurin kabari a coci. Mutane suna mutuwa, gida yana nan. Idan namiji ya auri magajiyar wani gida ya tare a can, da sunan gidan matar za a riƙa kiran sa, 'ya'yansa ma haka. Idan aka sayar da gidan, maƙwabta da sunan gidan za su ci gaba da kiran wanda ya saya.

To, gidan da ake so ya dawwama haka ba a raba shi. Nan ne al'adarsu ta yi hannun riga da abin da muka sani na rabon gado, inda kowane magaji yake da kasonsa. A Bizkaia iyaye ne suke zaɓar mutum ɗaya cikin 'ya'yansu, ba lallai babba ba, ba kuma lallai namiji ba, su ba shi gida da gona gaba ɗaya. Sauran sai a sallame su da ɗan abin da ya samu. Ƙasar duwatsu ce, ruwan sama da yawa, filin noma kaɗan, da an riƙa yanka gonar gunduwa-gunduwa da ba wanda za ta ciyar. Sakamakon shi ne, kowane zamani gida yana fitar da samari da ba su da abin gado sai sunan. Wasu su shiga aikin coci, wasu su hau jirgin ruwa kamun kifi, wasu su koyi rubutu da lissafi su nufi fadar sarki. Bayan 1492 sai ga wata sabuwar ƙofa ta buɗe a yamma. Elcano, wanda ya kammala zagaye duniya a jirgin ruwa a 1522, ɗan Getaria ne. Legazpi, wanda ya kafa mulkin Sifaniya a Manila a 1571, ɗan Zumarraga ne. Duk 'ya'yan irin waɗannan garuruwa ne.

Amma talauci kaɗai ba ya bayyana yadda suka yi ta samun muƙamai. Kowane yanki na Sifaniya yana da samari marasa gado. Abin da Baskawa suka fi su da shi shi ne, sunansu kansa takardar shaida ce.

A Sifaniya ta lokacin, jama'a kashi biyu ce a gaban doka. Akwai talakawa masu biyan haraji, akwai kuma hidalgo, kalmar da aka taƙaita daga hijo de algo, wadda ba ta da fassarar da ta fi "ɗan wane". Ɗan wane ba ya biyan harajin kai, ba a ɗaure shi saboda bashi, ba a gana masa azaba wajen bincike, kuma ƙofofin aikin sarki a buɗe suke gare shi. A yawancin Kastil 'yan tsiraru ne. Sai ga kundin dokokin Bizkaia na 1526 ya ce duk ɗan asalin lardin ɗan wane ne, manomi da maƙeri da masunci da makiyayi. Maƙwabciyarta Gipuzkoa ta samu irin wannan amincewa a farkon ƙarni na 17. Wato mutum yana iya zama ba shi da ko takalmi, amma idan ya tabbatar da cewa kakansa daga gida kaza yake a kwari kaza, a Madrid ko Lima sai a karɓe shi a sahun masu asali. Mutanen Kastil sun sha yi musu ba'a a kan wannan, amma ba'ar ba ta hana Baskawa cika ofisoshin magatakardan sarki ba. Iyalin Idiáquez kaɗai sun yi wa sarakuna uku a jere hidima.

Hujjar da suka kafa wannan gata a kanta ita ce ta fi shafar mu. Zamanin ne na abin da ake kira "tsarkin jini". Bayan faɗuwar Garnaɗa da korar Yahudawa a 1492, da tilasta wa Musulmin da suka rage shiga Kiristanci, sai hukumomi suka shiga tonon asiri. Coci-coci da makarantu da ƙungiyoyin mayaƙa suka riƙa neman shaidar cewa mutum ba shi da kaka Musulmi ko Bayahude, komai nisa. Hatta tsallakawa zuwa Amurka, sai ofishin da ke Sevilla, Ishbiliya ta littattafanmu, ya ba da izini, kuma an haramta shi ga sababbin Kiristoci da zuriyarsu. Baskawa suka ce su ai ba su da wannan damuwa, domin Musulmi ba su taɓa mallakar duwatsunsu ba. Dokokin Bizkaia ma sun hana tubabbun Yahudawa da Musulmi zama a lardin.

Game da duwatsun Bizkaia, maganar tana da ƙamshin gaskiya, daular Andalus ba ta kafu a can ba. Amma idan Baskawa gaba ɗaya ake nufi, tarihi yana da abin cewa. Marubutan Larabawa sun san su sarai, suna kiran su Bashkunish. Íñigo Arista, wanda ake ɗauka sarkin Pamplona na farko, uwarsu ɗaya da Musa ibn Musa, shugaban gidan Banu Ƙasi, Musulmin da ke riƙe da kwarin kogin Ebro. Wata gimbiyar Pamplona mai suna Onneca ta auri Abdullahi na gidan sarautar Ƙurɗuba, ita ce kakar Abdurrahman na Uku, wanda ya ayyana halifanci a 929. Subh, mahaifiyar halifa Hisham na Biyu, daga cikinsu take. Ashe jinin ya daɗe yana kai da komowa tsakanin duwatsu da Ƙurɗuba. Ni a ganina tsarkin jini bai taɓa zama maganar jini ba. Maganar takarda ce, da wanda yake da shaidun da za su rantse masa.

Cikin wannan yanayi aka haifi mutumin da ya fita da sunan, wajen shekarar 1532. Masu tarihi suna kiran sa Simón de Bolívar Tsoho, don bambanta shi da ɗansa. Ta wajen uba, sunan da ke tare da shi Ochoa de la Rementería ne. Ochoa daga otsoa yake, kyarkeci, Rementería kuwa maƙera ce, sunan gidansu. Ba abin kunya ba ne a Bizkaia, ƙasar tama da ƙira. A lokacin suna bai riga ya daskare ba, mutum yana iya zaɓa daga cikin sunayen da yake da haƙƙi a kansu, har ka ga wa da ƙane kowa da nasa. Wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit ta cocin Katolika, Íñigo López de Loyola ake ce masa, wansa kuwa Martín García de Oñaz. Simón ya zaɓi Bolíbar, kuma akwai hikima a zaɓin. A cikin ƙauye, cewa kai ɗan Bolibar ne ba ya bambanta ka da kowa. Sai an bar gida sunan gari yake yin amfani, kamar yadda ba a kiran mutum Bakano a Kurmi, sai a Kumasi. Wannan ma yana nufin ba duk Bolívar ba ne dangin juna, domin akwai wasu ƙauyukan masu wannan suna a lardunan Araba da Gipuzkoa. Ko'ina aka sami maniƙa a fadama, sunan yana iya tsirowa.

Simón Tsoho ya isa Santo Domingo da ke yankin Karibiyan wajen 1559, ya yi kusan shekara 30 yana aikin magatakarda a babbar kotun sarki. A 1589 ya bi gwamna Diego de Osorio zuwa Karakas, garin da a lokacin shekararsa 22 da kafuwa. Bai daɗe ba mazauna suka tura shi wakili fadar Sarki Filib na Biyu. Cikin alfarmomin da ya samo musu har da izinin shigo da bayi daga Afirka. Ya rasu a 1612. Ɗansa, Simón Ƙarami, ya samu iko a kan wasu 'yan asalin ƙasar a San Mateo, inda gandun iyalin ya kafu. A wannan tsakanin ne sunaye suka fara tsayawa wuri ɗaya, saboda babban taron cocin Katolika da aka kammala a Trento a 1563 ya wajabta wa kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure a littafi. Abin da aka rubuta sau uku a jere, da wuya jika ya sauya shi.

Daga nan labarin na dukiya ne: koko, rake, shanu, ma'adinin tagulla, da bayin da ke yin aikin. Iyalin suka shiga cikin 'yan tsirarun gidajen da ake kira mantuanos, saboda matansu kaɗai aka yarda su yafa wani irin mayafi zuwa coci. Abin lura shi ne, Baskancin ya riga ya fita daga jikinsu, sai sunan. Da sarki ya ba wani kamfanin Baskawa na Gipuzkoa ikon cinikin kokon Benezuwela shi kaɗai a 1728, manoman Karakas ba su kalle su a matsayin 'yan'uwa ba. Baƙi suka gani masu karya farashi, har ta kai ga tawaye a 1749.

A wannan shekara ta 1728 ne kuma abin da ya fi komai ban sha'awa a tarihin sunan ya faru. Juan de Bolívar, kakan Simón mai yaƙin 'yanci na kusa, ya ga dukiya ta taru, saura sarauta. Sarki ya ba ruhubanawan Montserrat wata sarauta su sayar su yi gyaran gini da kuɗin, Juan ya biya dukat 22,000 don ya zama Marqués de San Luis. Saura kawai ya kawo shaidar tsarkin jini. Ta wajen Bolívar ba matsala, sunan Bizkaia ne. Ta wajen matarsa aka sami cikas. Mahaifiyarta, Josefa Marín de Narváez, 'yar wani attajiri ce da ya haifa ba ta hanyar aure ba, kuma bai taɓa faɗin sunan uwarta ba. A wasiyyarsa cewa kawai ya yi mace ce mai mutunci da ya sakaya sunanta. Ta hannun wannan Josefa ma'adinan tagulla na Aroa suka shigo gidan Bolívar. Dukiyarta ta shiga ba tare da an tambaye ta asali ba, amma da aka zo sarauta sai aka ce wace ce uwarta. Masu tarihin Benezuwela suna kiran wannan "ƙullin Marín", kuma sun daɗe suna jayayya a kai: wasu sun ce uwar baiwa ce mai jinin Afirka, wasu sun ce 'yar manya ce da aka rufa wa asiri. A 1792 mahaifiyar Simón ta sake tayar da maganar, ɗan'uwanta Esteban Palacios ya tafi Madrid yana bin takardun. Sarautar ba ta taɓa fitowa ba.

Ka ga tarkon da mutum ya ɗana ya kama shi. Sunan da ya buɗe wa Simón Tsoho ƙofa saboda ba a tuhumar sa, ya kasa wanke jikokinsa, domin a ƙasar da aka gina a kan bauta babu gidan da littafin baftisma zai iya yi wa cikakkiyar shaida.

An haifi Simón Bolívar ranar 24 ga Yuli 1783, shi ne na bakwai a jerin idan aka fara ƙirga daga Simón Tsoho. A tsarin Sifaniyawa na suna biyu, na uba sannan na uwa, shi Bolívar y Palacios ne. Uban ya rasu a 1786, uwar a 1792. Yana saurayi ya zauna Bilbao a 1801, babban birnin lardin da kakansa ya fito, yana jiran auren María Teresa del Toro. An ɗaura a Madrid a 1802, ta rasu a Karakas a farkon 1803, bai sake aure ba, bai kuma bar magajin da aka tabbatar ba. Bayan shekara 10, ranar 15 ga Yuni 1813 a garin Trujillo, ya sa hannu a sanarwar da ta ce duk Basifaniye ko mutumin tsibiran Kanari da bai taimaki yaƙin 'yanci ba ya jira mutuwa, ko da bai ɗauki makami ba. Da wani saurayi zai sauko daga Bolibar a wannan shekara da sunan a bakinsa, hukuncin ya hau kansa. Su kuma manyan Lima, babban birnin Peru, da ba sa ƙaunar Bolívar, zambo suke kiran sa a bayan ido, wato ruwa-biyu mai jinin baƙar fata. Tsohon ƙullin bai kwance ba.

Tunda bai haihu ba, ta wace hanya sunan ya yaɗu? Hanya ɗaya ita ce 'yan'uwansa. Wata hanyar kuma ba a cika faɗin ta ba. A ƙasashen da Sifaniya ta mallaka, bawa yakan ci sunan ubangidansa. Matar da ta shayar da Simón baiwa ce daga gandun San Mateo, Hipólita, kuma Hipólita Bolívar take a tarihi. A wasiƙar da ya aika wa yayarsa María Antonia daga Cuzco a watan Yuli 1825, ya ce ta ba Hipólita duk abin da ta nema, domin nononta ne ya rayar da shi, kuma bai san wani uba ba sai ita. Akwai kuma Matea Bolívar, abokiyar wasansa, wadda ta yi tsawon rai har ta halarci mayar da ƙasusuwansa maƙabartar gwarazan ƙasa a 1876, ta rasu a 1886. Simón ya yi wa shugaba Pétion na Haiti alkawarin 'yanta bayi a 1816, ya kuma 'yanta nasa, amma Benezuwela ba ta soke bauta ba sai 1854, shekara 24 bayan rasuwarsa. Saboda haka cikin masu amsa sunan Bolívar a yau akwai waɗanda kakanninsu ba daga fadamar Bizkaia suka zo ba, daga gaɓar Afirka aka kawo su, wataƙila ma da irin izinin da Simón Tsoho ya samo. Sunan da a gida yake nufin "daga nan na fito", a gandu ya koma yana nufin "na gidan wane ne ni". In an duba da kyau, wannan ma bai yi nisa da tsohuwar ƙa'idar Baskawa ba, cewa gida ne mai suna, duk wanda ke ƙarƙashin rufinsa ya ci. Bambancin shi ne waɗannan ba a tambaye su ba.

Wata ɗaya bayan waccan wasiƙa, ranar 6 ga Agusta 1825, yankin da ake kira Peru ta Sama ya ayyana 'yancin kai, kwanaki kaɗan bayan haka majalisarsa ta raɗa wa ƙasar suna Jamhuriyar Bolívar. Kafin shekara ta ƙare aka mayar da shi Bolivia. Ana danganta shawarar ga wani limamin coci, wakilin Potosí, Manuel Martín Cruz, wanda ya kafa hujja da cewa in daga Romulus aka sami Roma, to daga Bolívar sai Bolivia. Mai sunan ya rasu ranar 17 ga Disamba 1830 kusa da Santa Marta, yana da shekara 47, ba mulki, ba lafiya, ƙasar da ya haɗa tana wargajewa a gabansa. Sunan kuwa sai gaba. Garin Angostura ya koma Ciudad Bolívar a 1846. Kuɗin Benezuwela ya zama bolívar a 1879, kuɗin da hauhawar farashi ta sa aka yanke masa sifiri 3 a 2008, 5 a 2018, 6 a 2021. Akwai jiha mai sunan a Kolombiya, akwai lardi a Ekwado, akwai ƙungiyar ƙwallo a La Paz, har a Alƙahira akwai dandali da mutum-mutuminsa, ba nisa da dandalin Tahrir.

A can gida kuwa, aƙidar cewa suna shi ne shaidar jini ba ta mutu tare da daular ba, riga ta sauya. Sabino Arana, wanda ya kafa jam'iyyar kishin Baskawa a 1895, ya tsara wa ƙungiyarsa ta farko a Bilbao matakan zama memba bisa yawan sunayen Baskanci da mutum ya gada daga kakanninsa huɗu. Lokacin ne ma'aikata daga sauran sassan Sifaniya suke kwararowa ma'adinan tama na Bilbao, aka mayar da sunan ƙyaure a gabansu. Zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco a Sifaniya sai abin ya juya, gwamnati ta danne harshen, rajistar haihuwa ta ƙi karɓar sunayen yanka na Baskanci. Duk da haka, a 1968 masana harshen suka taru a Arantzazu suka aza harsashin daidaitaccen Baskanci. A ƙa'idar rubutunsa "tx" ke zama inda Sifaniyawa ke sa "ch", "k" inda suke sa "c", "b" inda suke sa "v". Shi ya sa za ka ga uba Echeverría, ɗa Etxeberria.

A watan Nuwamba 1999 Sifaniya ta yi dokar da ta ba iyaye damar sa sunan uwa gaba da na uba, ta kuma sauƙaƙa wa mutum gyara rubutun sunan gidansu ya dace da harshen da ya fito. Wata ɗaya bayan haka, masu zaɓe a Benezuwela suka amince da kundin tsarin mulkin Hugo Chávez, wanda ya ƙara wa sunan ƙasar kalmar Bolivariana, da "v" ɗinta. Ƙauyen da duk wannan ya faro ya samu ƙaramar hukumarsa a 2005 bayan ya rabu da Markina-Xemein, sunansa a hukumance Ziortza-Bolibar. Akwai dutsen tunawa a dandalinsa da gwamnatin Benezuwela ta kafa a 1927, akwai kuma gidan tarihi da aka buɗe a 1983, shekara 200 da haihuwar Simón. Gidan da aka zuba kayan tarihin a ciki, mutanen ƙauyen ba sa ce masa gidan Bolívar. Errementarikua suke ce masa, gidan maƙeri.